Malam Hussaini da kwamfutar da aka ɗinka wa riga

Duk mai bin layin bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan da sassafe ya san Malam Hussaini. Zai gan shi ya jingine kekensa, ya buɗe shagonsa da bai fi ɗakin kaji girma ba, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya jera kayan aiki a kan tsohon tawul: sukundireba uku, buroshi, robar goge fensir da famfon keke. Ranar da na fara ganin kayan nan na ce, "Malam, faci kake yi ko gyaran kwamfuta?" Bai ko ɗago kai ba ya ce in dawo ranar da tawa ta mutu. Har yau ban mallaki kwamfuta ba, amma na ga amsar da idona.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana gyaran wayoyin reluwe, sannan ya koma rediyo. Da kwamfuta ta fara shigowa makarantu da ofisoshin mishan, sai ya samo wani yagaggen littafi ya koya wa kansa. Yanzu ido ya fara gajiya, ya ce ƙarshen wannan shekara ta 1998 zai rufe shago. Shi ya sa na ɗauki biro, don in aka bar ta tasa, shiru zai tafi.

Abin da ke ba masu gaggawa irina haushi shi ne, ba ya taɓa na'ura sai ya yi wa mai ita tambayoyi kamar alƙali. Ina take kwana? Wa ya taɓa ta a ƙarshe? Wane kuka ta yi? Na daina jin haushin nan a daminar 1996.

Baba Bartholomew tsohon hedimasta ne a Fadan Kagoma, a ƙarƙashinsa na fara koyarwa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin ƙauyuka yana rubuta waƙoƙin tsofaffin mata da yarensu: na niƙa, na noma, na rarrashin jariri. Yawancin matan sun rasu. 'Yarsa Afiniki ce ta buga waƙoƙin a wata tsohuwar kwamfuta da wata nas ta bar musu da za ta koma ƙasarsu. Bayan haka gara ta cinye littattafan Baba a akwati, fayafan da aka ajiye kwafin waƙoƙin a ciki kuma suka yi fumfuna. Waƙa ɗari biyu da goma sha huɗu, babu su ko'ina a duniya sai a cikin na'urar nan. Wata Litinin Afiniki ta danna, kwamfuta ta ƙi tashi.

Wani ɗan'uwansu ya ce a kai ta Kaduna a wanke ta a zuba mata sabbin abubuwa. Afiniki ta san wankewar nan share komai ce, sai ta zo wurina hankali tashe, muka nufi shagon Malam Hussaini.

"Malam, na danna shi, ya yi kuka sau uku, shi ke nan fuska ya yi baƙi," in ji ta. "Zan kawo shi gobe."

"Kada ki ɗaga ta, 'yata. A ɗakinta zan gan ta."

Washegari da hantsi muka sauka daga bas a Fadan Kagoma. Muna shiga falo dariya ta ƙwace mini. Kwamfuta na zaune a tebur sanye da riga! An ɗinka mata ita da zanen zumuntar matan coci, da leshi a baki da zif a gefe, ba a bar kafa ba sai wurin dannawa da wurin sa faifai. Aikin Mama Tamar ne, matar Baba. A gidajenmu na nan duk abin da ake ji da shi sai an yi masa sutura: keken ɗinki, rediyo, Littafi Mai Tsarki. To me zai sa a bar kwamfuta?

Malam Hussaini bai yi dariya ba. Shafa ɗinkin ya yi, ya ce, "Mama, wannan hannu ya iya aiki. Da rigar a jikinta take aiki?"

"To, Malam, za a bar shi tsirara ne gaban baƙi?" in ji Mama Tamar. "Ga sanyin damina kuma."

Aka tayar da janareta. Ya cire rigar a hankali, ya danna, ya kasa kunne. Kuka uku. Ya zare waya daga bango, ya taɓa ƙarfen taga don ya sauke wutar jikinsa kada ta lalata na'urar, sannan ya kwance akwatin. Fankar da ke baya ta cushe da zaren zane har ba ta juyawa. Ya bayyana mana cewa na'urar ta bayanta take shan iska, rigar ta toshe ta, zafi ya yi ta dafa ta har wani siririn kati mai haƙoran zinariya ya ɗago daga mazauninsa. Ya hure zaren da famfon keke, ya goge haƙoran katin da roba, ya mayar, ya jona waya, ya danna.

Kuka uku dai.

Baba Bartholomew ya miƙe da sandarsa ya fita tsakar gida. Na ji tausayinsa ƙwarai, har dariyar da na yi ta dawo tana damuna. Malam Hussaini kuwa ko gezau. Ya sa tabarau ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sai ga na biyu shi ma ya karkace. Ya goge, ya danna shi har ya ce ƙas. Wannan karon kuka ɗaya ta yi, gajere, rubutu ya fara gudu a fuskarta.

"Baba! Ya tashi! Baba, ka zo!" Afiniki ta ƙwala kira.

Ta buɗe waƙa ta farko ta karanta layin farko. Kafin ta kai na biyu Mama Tamar ta karɓe da murya. Waƙar niƙa ce ta mahaifiyar Baba. Tsoho ya tsaya a bakin ƙofa yana bin amshi, hawaye na zuba yana dariya, maƙwabta suka cika falo ana guɗa ana Haleluya. Malam Hussaini bai san kalma ɗaya ta yaren ba, amma na gan shi yana kaɗa kai da sukundireba a hannu. Kafin mu tafi ya roƙi Mama ta yanke wa rigar babbar taga ta baya, ya kuma tsaya sai da aka juye waƙoƙin a sababbin faifai biyu.

Malam Hussaini, kai ne mai kunnen da ke jin ciwon ƙarfe. Kai ne ka gyara na'ura ba tare da ka kunyata tsohuwa a falonta ba, wannan kuwa ba a littafi ka koye shi ba. Masu tasowa a sana'ar nan, ku je ku zauna kusa da shi kafin ya rufe ƙofa, ku koyi tambaya kafin kwancewa, ku daina saurin cewa a wanke.

Bara aka buga littafin Baba, yara na rera waƙoƙin a makaranta. Na duba shafin godiya, akwai nas, akwai mai buga littafi, akwai ni da ba abin da na yi sai dariya. Sunanka ba ya ciki, Malam, mantawa aka yi, kai kuma ba ka taɓa tambaya ba. To ga shi na rubuta shi a nan. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.