Anti Mai Biro ta Ɗakin Gashi

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin gashi na asibiti, inda ake motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi. Ta goge benci, ta jera robar shinkafa da ta cusa maɓallai da makullai a ciki, ta ɗaura agogo, sannan ta soke biro a gefen ɗankwali. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma ba na jin akwai wanda ya taɓa rubuta mata ko layi ɗaya.

Na san ta ne ta dalilin yayana, tela. Gilashin ƙofa ya yanke shi ƙasa da gwiwar hannu, ya tsinke jijiyar da ke kai ji da motsi zuwa yatsu. Likita ya ɗinke ta, ya sallame mu, ya ce sauran aikin na ɗakin gashi ne.

Ita ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ɗinki dai hanya ya gyara, jijiyar kuwa sai ta sake tsirowa daga wurin yankan har yatsu, kuma rarrafe take yi, a wata guda da ƙyar take cin gaɓar yatsa. Aikinta shi ne lanƙwasa yatsun nan kullum, kada jijiya ta iso ta tarar gaɓoɓi sun ƙage. Takan ƙwanƙwasa hannun a hankali, inda Yaya ya ce ya ji tsirr kamar lantarki, sai ta ɗiga biro, ta auna, ta rubuta.

A wata na huɗu dutsen guga ya ƙona masa yatsa bai sani ba, sai ƙauri ya ji. Daga ranar ya daina zuwa, ya lulluɓe keken ɗinkinsa. Ran Asabar da hantsi sai ga ta a shago da jakarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ya miƙo hannu, ta ƙwanƙwasa, ya zabura. Wurin ya wuce alamar baya da yatsa biyu.

"Malam Tela, jijiya tana hanya, kai ne ka tsaya," in ji ta. "Litinin ina jiran ka, in ba ka zo ba matarka zan haɗa ka da ita."

Ya koma. Wata goma sha ɗaya bayan aikin, ido rufe, ya lalubo maɓalli cikin shinkafa ya faɗi ko mene ne. Ƙaramin yatsan har yau bai gama dawowa ba, kuma tun farko ta gaya masa hakan na iya faruwa.

Ba shi kaɗai ba ne. Wani direba ya ce mini wata takwas tana ɗaga masa ƙafa kafin ya iya taka birki.

Anti, ke ce mai haƙurin da likita ba ya iya ɗinkawa. Kin riƙe hannuwan da masu su suka fid da rai da su. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku da za ku gaje ta, ku koyi jira tare da mara lafiya, ku bi sawun wanda ya daina zuwa. Yaya yana ɗinka mata rigar ranar sallama, kuma ya hana kowa sa masa zare a allura.