Rabin da Ba Ya Haske

Ƙugin ruwan wanke-wanke ne ya fara komai, wannan zuƙar da rariya ke yi in ruwa ya zo ƙarewa. Muna unguwar Gorton a Manchester ta Ingila a lokacin, shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kullum sai ka ji an rufe wani abu. 'Yata mai shekara bakwai tana kan kujera tana ɗauraye mini cokula, sai ta ce, "Abba, ina ruwan yake zuwa?"

Babanta binciken taurari ne ya kawo shi jami'a a can. Ya ajiye shayinsa, ya gutsuri kwaɓin fanken da na rufe, ya mulmula.

"Ga tauraro. Can nesa akwai baƙin rami, ya ninka rana nauyi sau miliyoyi. In tauraro ya matso, sai ramin ya ja gabansa fiye da bayansa." Ya ja kwaɓin har ya tsinke. Rabi ya tura a rariya, rabi ya cilla bayansa, ya faɗi gindin firji. "Rabi a haɗiye, rabi a cillar. Hasken da na cikin ke yi yana mutuwa, shi nake aunawa."

Na ce, "Subhanallahi, bawan Allah tauraro."

"Ke ko albasa kika yanka sai kin yi mata ta'aziyya."

Da bazara aka yanke tallafin bincikensu. Ya samu aikin wucin gadi a Birmingham, da ɗaki a gidan ƙanwarsa a unguwar Perry Barr. Yana ɗaure igiyar takalmi ya gaya mini sauran. Hajiyarsu ta samu shanyewar ɓarin jiki, sun gama magana da yayyensa, ni zan koma Zariya jinya. Har an yanki tikiti. Yarinya ba za ta bi ni ba, tana da sikila, asibitinta na nan.

Na ce, "Abban yara, ni nake gane ciwon zai tashi tun daga yadda take riƙe cokali."

"Likita ya fi ki sani. Me kike yi mata in ban da ruwan ɗumi da addu'a? Addu'a kuwa tana isowa daga Zariya."

Ban yi musu ba. Hajiya uwa ce, ina son ta. Da muka koma Birmingham, na nuna wa ƙanwarsa yadda ake gasa wa yarinyar gwiwa, tana cewa to, to, idonta na kan waya.

Ranar tafiyata na sami 'yata a kicin ɗin da ba namu ba, ta tara ruwa ta cire toshiyar tana saurare. Ba ta yi kuka ba. Na durƙusa na ce, "Mamana, ki riƙa sa safa, kin ji?"

Ta juyo, da Hausarta mai ƙamshin Manchester.

"Umma, na tambayi Abba ko rabin da aka cillar yana dawowa. Ya ce bai taɓa dubawa ba, wai wannan rabin ba ya haske."