Yaya Yana Kan Layi

Mahaifina bai taɓa ƙin ɗaukar waya ba. Ko tuwo yake ci ta yi ƙara, sai ya miƙa hannun hagu ya ɗauka, ya rangaɗa sallama tun kafin ya san da wa yake magana. Lambar da ya sani da wadda bai sani ba duk ɗaya ne a wurinsa. Ko filashin aka yi masa sai ya bi kiran. Na sha tsokanarsa ina cewa da waya tana da baki, da ta roƙe shi hutun rana ɗaya.

Yana da dalilinsa, kuma duk gidan mun san shi. Su biyu suka rage a ɗakinsu, shi da ƙanwarsa, gwaggona, wadda aure ya kai wani ƙauye gaba da Wushishi tun ban zo duniya ba. Gwaggo ba ta riƙe waya. Sau biyu muna saya mata. Ta farko ta faɗa rijiya, ta biyun kuma ta ba wani jikanta, ta ce ita ba za ta iya da abin da ke kuka a jikin mutum ba gaira ba dalili. Abin da ta riƙe shi ne guntun kwalin sukari da aka rubuta lambar Baba a jiki, tana ƙulle shi a haɓar zani. In kewar yayanta ta taso mata, duk wanda ta gani da waya sai ta kwance ƙullin ta miƙa masa: mai awon shinkafa, direban da ke ɗaukar doya, malamar asibitin ƙauye. Saboda haka muryarta ba ta taɓa zuwa ta lamba ɗaya sau biyu ba. Ga shi tun da gwiwoyin Baba suka ƙi, hanyar ƙauyen ta fi ƙarfinsa, ita ma hawan jini ya zaunar da ita. Wayar nan ta aro ita kaɗai ta rage a tsakaninsu.

Baba tafireta ya buga a ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya. Da zaman banza ya ishe shi, yayana da ke aiki a kudu ya aiko masa da kwamfuta ta ɗorawa a cinya da ƙaramin injin buga takarda. Ya kafa tebur a zauren gidanmu na Tudun Wada a Minna yana buga wa mutane katin ɗaurin aure, da takardar neman aiki, da yarjejeniyar haya. Yana dukan madannan kwamfutar da ƙarfi yadda ya saba da tafireta, har daga tsakar gida ana ji. Ya sa aka rubuta lambarsa da jan fenti a jikin bango, manya-manya, yadda mai wucewa a keke ma zai karanta.

Ban san ko daga bangon 'yan damfara suka kwashi lambar ba. Na dai san ranar da na fara jin su. Na zo gaishe shi ranar Asabar daga Tunga, inda nake aure nake kuma koyarwa, na tarar wayar a buɗe a kan tebur, don kunnensa ya yi nauyi, sai ya sa ta a sifika yake ji. Muryar wani saurayi ce, mai ladabi har ya yi yawa, da irin Hausar da muke ji kullum a kasuwa.

"Baba, ina kwana. Ni daga kamfani na manhaja ne, wanda ya yi abin da yana cikin kwamfuta naka. Kwamfuta naka ya kama bairos, tun jiya yana aika mana sako. Idan ba mu gyara ba, duk aiki naka zai tafi."

Baba ya dubi kwamfutar da tausayi, ya ce, "Ikon Allah. Ai kuwa kwana biyu tana nauyi. Sannunku da ƙoƙari, ɗana. Ya iyali?"

Na fizge wayar na kashe. Na ce masa babu wani kamfani a duniya da zai bar ƙasarsa ya nemo zauren Tudun Wada don ya duba lafiyar kwamfuta. Ɓarayi ne. Ya ce to, ya ji. Amma ya ƙara da cewa ko ɓarawo ne, ba a katse wa mutum magana bayan ya gaishe ka.

Suka yi ta kira. Yau namiji, gobe mace, wani da Turanci, wani da Burokin, kullum da sabuwar lamba. Sun gane tsoho ne mai son hira, sai suka riƙa tambayarsa gwiwa, suna yi masa barka da Juma'a. Tun rasuwar mahaifiyarmu ba kowa ke tambayarsa gwiwa ba, wannan kuma laifinmu ne mu 'ya'yansa, na yarda. Wata rana ba na nan suka ce za su turo masa lambobi shida a waya, ya karanto musu don su tabbatar shi ne mai kwamfutar. Ya sa tabarau ya karanto musu ɗaya bayan ɗaya, har da maimaitawa kada su yi kuskure.

Kafin la'asar sun ƙwace manhajar da yake musayar saƙo da ita. Suka bi duk wanda ke cikinta da sunansa, wai yana kwance a asibiti rai a hannun Allah, a taimaka. Washegari zaure ya cika da 'yan dubiya. Mutanen masallaci suka zo da lemo da ayaba suka same shi garau yana buga katin suna. Wani tsohon abokin aikinsa ya taso tun daga Bida, ya shigo idonsa jawur, da ya gan shi zaune sai ya dafa bango. Wasu sun tura abin da suka tura, har yau ba su faɗa ba don kada su ƙara masa kunya. Baba ya yi ta bin mutane yana ba su haƙuri, shi da aka zalunta.

Na ɗauka shi ke nan ya daddara. Bayan sati guda ina zaune wata baƙuwar lamba ta shigo, ya miƙa hannu. Su ne. Wai sun ji abin da ya faru, wasu 'yan damfara ne suka yi amfani da sunan kamfaninsu, yanzu su na gaskiyar za su gyara. Raina ya ɓaci yadda ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba, don girman Allah sai yaushe? Sai sun sayar da gidan nan da mu a ciki? Lambar da ba ka sani ba, ka ƙyale ta mana!"

Bai yi fushi ba. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Uwata, in na ƙyale, ta ina gwaggonki za ta same ni?"

Na ji maganar sarai. Ba zan ce ban ji ba. Amma ni mai zuciya ce, kuma ina ganin na fi kowa sanin waya a gidan. Da ya shiga alwala na ɗauki wayar na shiga saiti, na kunna abin da ke toshe duk lambar da ba a ajiye ba. Minti ɗaya bai cika ba na gama. Na ce wa kaina ai ba a rasa komai ba, wayar tana ajiye jerin waɗanda ta toshe, duk Asabar in na zo zan duba, in na ga lambar da ta yi kama da ta ƙauye sai mu bi. Ban gaya masa ba, don na san ba zai yarda ba.

Asabar ta farko na duba, su ne kawai, na yi murmushin jin daɗi. Baba har ya ce, "Yaran nan na kamfani sun gaji da ni." Na ce ai dama. Asabar ta biyu muna tsakiyar jarrabawa, takardun ɗalibai sun yi mini tsibi, na kira shi na ce sai wani satin. Kafin mu yi sallama ya ce, "Shiru gwaggonki. Kasuwarsu ta ci sau biyu ban ji ta ba." Na ce wataƙila ruwa ne ya ɓata musu sabis. Na tuna ban duba jerin ba, na ce gobe zan leƙa. Goben ta zo da nata hidimar.

Ranar Laraba bayan an tashi makaranta na biya Kasuwar Kure na sayo masa man zafi da dabino, na wuce gida. Ina zaune a zauren ina ɓare masa ledar maganin, ko wayar ban kai ga dubawa ba, sai ga wani mutum ya yi sallama. Direba ne ɗan ƙauyen su Gwaggo, mai kawo kaya kasuwa, Baba ya san shi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Baba ya ce, "Haƙurin me?"

Mutumin ya ɗago ya dube shi, ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane cewa ba gaisuwa ya kawo ba, labari ya kawo. Ya fara kame-kame. Ya ce ai tun jiya Talata da hantsi, kuma an yi mata sutura kafin azahar. Ya ce sun jira, liman ma ya ɗan jinkirta ko za a ga wani daga Minna, amma rana ta yi zafi, ba a ajiye gawa. Ya ce an yi ta kira tun tana kwance, kwana uku, wayar ba ta shiga.

Baba ya yi salati a hankali. Ya ɗauki wayarsa ya juya ta, ya duba caji, ya duba sabis, duk lafiya. Ya ce, "Ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba. A aljihuna take kwana."

Da zan iya yin shiru a lokacin, kuma babu wanda zai taɓa sani. Na yi tunanin hakan, ba zan ɓoye ba. Amma ganin yana jujjuya wayar yana neman laifinta ya fi ƙarfina. Na karɓa, na buɗe jerin. Lamba ɗaya ce ta cika fuskar wayar daga sama har ƙasa, Lahadi, Litinin, safiyar Talata, na ja ƙasa ba ta ƙare ba. Na durƙusa gabansa, a gaban baƙon, na gaya masa abin da na yi. Kuka ya hana ni ƙarasawa.

Na so ya zage ni, wallahi na so. Sai cewa ya yi, "Kira mini lambar nan."

Na cire toshewar na kira, na sa a sifika. Mace ce ta ɗauka, maƙwabciyar Gwaggo, wadda ta yi jinyarta. Suka yi gaisuwar rasuwa. Sannan Baba ya tambaye ta abin da ya sa aka kira, ya ce ko ta bar masa wata magana.

Matar ta ce, "Ba ta bar komai ba, Baba. Muryarka kawai ta ce tana so ta ji. Ita ta kwance kwalin da hannunta ta ba ni. In na kira sai in kara mata a kunne, sai matar nan ta cikin waya ta ce kana magana da wani. Ni har na fara faɗa, na ce wace irin magana ce ba ta ƙarewa. Sai ta ce mini, a'a, Yaya mutum ne na jama'a, kada ku dame shi, ku bari ya gama, zai kira."

Baba ya ce, "Haka ta ce?"

"Haka ta ce. Ranar Talatar ma da safe ta tambaya ko ka gama."

Washegari muka ɗauki shatar mota muka je, aka ciccibe shi har bakin kabarin. Maƙwabciyar ta ba shi guntun kwalin, ya yi laushi, lambar ta kusa gogewa. Ya sa a aljihun da wayar take.

Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Da na sake neman gafara ya ce ya yafe tun a zaure, kwananta ne ya ƙare, kuma don shi na yi. Na san gaskiya ya faɗa, amma bai rage mini komai ba. Masu kamfanin sun ci gaba da kira lokaci-lokaci, yana ɗauka, yana amsa gaisuwa, sai ya ce musu ya gode ya ajiye. Ban ƙara cewa uffan ba.

Abu ɗaya ne ya canja. Baba da yake iya cinye katin waya guda a hira ɗaya, yanzu ba ya minti biyu a waya da kowa. Ko ni na kira, muna gama gaisawa, ina shirin tambayarsa gwiwa, sai in ji ya ce, "To Uwata, ajiye haka nan. Kada wani ya kira ya ji ina kan layi."