Katumi Mai Gaida Zane

Shekara ashirin da shida Hajiya Katumi tana kama jirgin ƙasa na safe daga unguwar Barking, da flas ɗin shayi a jaka da takalmi mara tsini, domin aikinta tsayuwa ce. Mai gadi ce a wani gidan adana zane-zane a tsakiyar Landan, kuma ɗakinta shi ne na tsofaffin zanen mutanen Holan. Babu sarki a ɗakin nan, babu yaƙi. Daga mai shara sai mai ɗinki, sai kyanwa a gindin murhu. Baƙi da yawa leƙowa suke yi su wuce, wai ba abin kallo.

Ita kuwa kafin a buɗe ƙofa sai ta bi zane-zanen ɗaya bayan ɗaya tana gaisarwa, kamar ta shiga gidan maƙwabta. "Ina kwana, mai tsintsiya? Ya aiki?" Abokan aiki sun yi dariya har sun gaji. Ta fi daɗewa a gaban wani ƙaramin zane na katako: mace zaune kusa da taga tana yanka albasa, hasken hantsi a hannunta. Mahaifiyar Katumi ta rasu a zangon Kumasi ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. "Fuskar ba tata ba ce," in ji ta, "amma wallahi haka Maama ke riƙe wuƙa."

Malam Saani, abokin aikinta, har yau yana ba da labarin wata safiya cikin sanyi. Tana gaisuwa ta ga farin ɗigo a babban yatsan matar nan mai albasa. Ta duba ƙasa, ga ɓarɓashin fenti, bai kai ƙwayar riɗi ba. Ashe na'urar ɗumama ɗaki ce ta busar da katakon, fenti ya fara ɗagowa. Ga ma'aikacin shara tafe da injin tsotsar ƙura, ga 'yan makaranta a bakin ƙofa.

"Malam Saani, kira masu gyara. Ba mai shigowa."

"Hajiya, yaran nan sun yi booking fa, lokacinsu ne, kuma ba mu da ikon rufe ɗaki. Warning za a ba ki, takardar gargaɗi."

"A ba ni biyu!"

Awa ɗaya da rabi tana tsaye tana gadin ɓarɓashin nan, manaja na ta faɗa, ita ko gezau, har masu gyara suka iso suka ɗauke shi da bakin buroshi. Bayan wata huɗu aka dawo da zanen, yatsa ya koma daidai. Rahoton da aka rubuta ya ambaci kowa ban da ita, kuma wannan abin haushi ne.

To, mu mun ambace ki, Hajiya. Ke ce mai ido, ke ce kika nuna mana gadi ba zaman kujera ba ne. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Duk wanda aka damƙa wa amana, ko ta katako ce, ya dube ta kullum yadda kika duba.

Ranar Juma'ar da ta yi ritaya ta miƙa katin shaidarta, ta koma ɗakin a karo na ƙarshe cikin kayan aiki. Ta daɗe a gaban mai albasa, idonta ya cika. Sannan ta juyo.

"Malam Saani, ban ce ka yi da ƙarfi ba. Amma don Allah, kullum da safe, ka gaishe min da ita."