Dankalin da Kika Bari a Kabad

Da hantsin ranar Talata, bakwai ga wannan wata, ina gaban allo aka leƙo aka ce in fito. Mijinki ne a waya. Ya ce kin idar da sallar asuba, kin ce kanki na sarawa, kin kishingiɗa, shi ke nan. Daga Allah muke, gare Shi muke komawa.

Malama Ɗigo ɗalibai ke kiran ki a bayan ido. Kin sani, kuma ba ki taɓa hana su ba. Aikinki ne ya jawo sunan: tatsar mai daga abin da mutane ke ci, don a san yawansa da irinsa. Gyaɗa da riɗi ba sa ba ki wahala. Dankali kika fi ƙauna, saboda rowarsa. Sai a yanka kwando guda, a busar, a niƙa, a yini ana wanke garin da sinadari a tulun gilashi, sannan a samu ɗan abin da ya lafe a gindin kwalba. Sai ki ɗaga shi wajen taga ki ce, "Ku duba, 'ya'yana. Kaɗan ne, amma ba iri ɗaya ba ne a ciki. Akwai mai daskarewa, akwai wanda ko a sanyi ruwa yake zama."

Ban manta da mai sharar ɗakin gwajinmu ba, lokacin da ɗanta ya fara dundumi. Ke kika kai shi asibiti a motarki. Daga baya kika riƙa kawo mata jan dankali, kina jaddada mata ta zuba cokalin mai in ta dafa, domin abin da ke gyara idon ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Yaron yana aji biyar yanzu.

Kin tafi kin bar aiki a buɗe. Ɗalibarki ta ajin ƙarshe, wadda muke kira Me-ya-sa saboda yawan tambayarta, tana auna man wani irin dankali da kuka noma a bayan makaranta. Na ƙarshensa ke cikin kabad. In ya yi tsiro sosai, man da ke cikinsa zai canja, awon ya lalace, ita kuma ta maimaita shekara, ga goyo a bayanta.

Amma bayan zaman makoki babu wanda ya yarda ya shiga ɗakin gwajin. Mai shara ta ce in ta zo wucewa tana jin ana sauke numfashi a ciki. Na yi mata bayani irin na malamai: na'urar tatsar mai ce, in ta cika sai ta zuƙe ruwan ta sauke, da ƙara kamar ajiyar zuciya. Wataƙila an bar ta a kunne.

Da rana tsaka muka buɗe ƙofa, ni da Me-ya-sa da shugaban ajinsu. Na'urar a kashe take, wayarta a nannaɗe kan tebur yadda kike nannaɗe ta. Na taɓa tulun gilashin. Da ɗumi.

Me-ya-sa ce ta ga kabad ɗin. Tsiro farare, sirara, sun leƙo ta tsagar murfin. Shuka haske take bi, kowane ɗan aji ɗaya ya san wannan, kuma taga tana hannun dama. Su duk hagu suka karkata, wajen doguwar kujerarki.

"Malam," ta ce da ni a hankali, "kamar yatsu."

"To ki ba su hannu ku gaisa mana," in ji shugaban aji. Dariyar ba ta fito ba, kuma ƙafarsa ɗaya tana waje.

Na ce mata tsiron bai yi nisa ba, yau ne ko kuma baɗi. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta gyara goyonta, ta wanke hannu, ta ɗauki wuƙa. Da farko yankan yana fita da kauri, irin wanda ba ya bushewa da kyau. Ta yanka kamar rabin dankali, sai ta tsaya cak, ta ɗan sunkuyar da kai gefen hagu.

"To, Malama," ta ce.

Ta ci gaba, yankan yana fita siriri kamar takarda. Ni da shugaban aji muka dubi juna. Ba ɗayanmu ne ya yi mata magana ba.

Ban san abin da ta ji ba, ban kuma tambaye ta ba. Mai yiwuwa muryar malamin kirki ba ta barin kunnen ɗalibi. Abin da na sani, man ya fito, rawaya, ɗan kaɗan, awon ya yi daidai, kuma za ta gama bana.

Allah Ya jiƙan ki, Malama, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata kabarinki da haske, Ya sa ilimin da kika bari ya riƙa isa gare ki. Ga maigidanki, da 'ya'yanki, da Innarki da ta riga ta tsufa kafin wannan rashi, Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin namu. Mu da muka saura a ɗakin gwaji, Ya kyautata namu ƙarshen.