Ƙyauren Sama da Ba Wanda Ya Buɗe

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan maido muku. Wagga ba tatsuniya ba ce. Labarina ne, ni da wani rami cikin bango.

A Takanamat na yi aure, can na tsufa. Tun idona yana ganin kafar allura na kaɗa zaren likkafanina da hannuna, kamar yadda uwata ta yi nata. Na gurza audugar, na shiɓa, na kaɗa, masaƙin garinmu ya saƙa mini fari tas. Na naɗe shi cikin ƙwarya, na rataye ga ragaya. Shekara da shekaru yana nan, iska tana ratsa shi, ko ƙwaro bai leƙa ba. Burina ke nan a duniya: in kwanta cikin zaren hannuna.

Sai ɗana na fari, mai zuwa biɗar kuɗi Abijan, ya gina gidan siminti a birnin Tawa, ya ce in taho in huta. Ɗakin da anka ba ni an rarake bangonsa na gabas, an jera katako ciki, an sa ƙyamare. Wai plakar. Manya biyu a ƙasa, ƙarami guda can sama kusa da rufi. Ranar da na iso, shi da kansa ya hau kujera ya tura ƙwaryata cikin na sama. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Ya san abin da ke ciki, matarsa ma ta sani. Ya rufe, ya koma Abijan.

Ruwanmu daga gabas yake bugowa. Ga shi kuma indararo ya tsage daidai kan bangon nan, ba mu lura ba. Da damina ta kankama sai katako ya kumbura, ƙyamare su riƙa kukan tsohon jaki.

Surukata mace ce mai tsabta, ba zan ɗora mata ƙazanta ba. Kowace damina tana kwashe kayan ƙasa ta shanya, ta goge fumfuna da ruwan sabulu, ta shafa ma ƙarafan ƙyaure man gyaɗa, ta bar su buɗe su sha iska. In wari ya taso ta kawo kaskon turaren wuta. Amma na sama, ko ɗaga ido ba ta yi. Wace suruka ce za ta hau ta kwance likkafanin uwar mijinta, alhali tsohuwar tana zaune tana shan fura? Ai sai a ce ƙirga mata kwanaki take. Ni kuwa gwiwa ba ta hawan kujera, baki kuma ya yi nauyi. In na ce a sauko mini da shi, su ce zaman gidansu ya ishe ni.

Haka munka zauna, damina ta bi damina, kunya tana gadin ƙyaure. Warin kuwa ya girma har ya fi ƙarfin turare. Ku ɗauki fatar akuya da ba a jeme ba, ku jiƙa ta, ku rufe cikin tulu. Shi nake shaƙa ina salla, shi nake haɗiya da tuwo.

Wata damina ƙyauren ƙasa ya cije, ya ƙi buɗuwa sam. Anka kira kafinta, wani saurayi mutumin Maraɗi, bakinsa ba ya hutawa. Ya ɓamɓare shi, ya kankare gefen, sannan ya bi wani jan zane na ruwa da yatsa har sama.

"Ciwon daga can yake," in ji shi, ya jawo kujera.

"Malam, bar wancan," in ji surukata.

"Don mi?"

Ta dubi ƙasa. Sai ya juyo wurina yana dariya.

"Tsohuwa, mi kika ɓoye can? Ko kayan aurenmu ne, ni da ke?"

"Ka yi kaɗan, ɗan nema," na ce. "Kayan tafiyata ne. Buɗe."

Dariyar ta mutu. Ya ce bismillahi, ya sa ƙarfe ya banƙare.

Kyankyasai ne sunka fara zubowa, bisa kansa, cikin wuyan rigarsa. Bayansu ƙasar gara, jiƙaƙƙiya, ta faɗo dunƙule-dunƙule. Katakon baya ya ruɓe, yatsa na shiga cikinsa kamar kunu mai kauri. Ya sauko da ƙwaryar yana kau da fuska, ya fita tsakar gida yana kakarin amai.

Ni na kwance ƙunshin, don ba wanda zai taɓa. Farin nan ya zama baƙi da kore, da yauƙi, da ƙwayayen kyankyaso jere cikin kowane ninki. Inda na ja, sai ya biyo hannuna. Tir! Ko mushen jaki ba a naɗe shi da wannan. Surukata ta durƙusa tana kuka.

"Inna, da na sani..."

"Kin sani, ɗiyata. Ni ma na sani. Ɗebo ruwa."

Can tsakiyar naɗin munka iske wani yanki da ruwa bai kai gare shi ba. Na auna shi ga kaina, ya isa kallabi, bai wuce ba. Sauran munka haƙa rami bayan ɗaki munka turbuɗe. Idona ya tafi, masaƙin ya rasu, babu sakewa.

Ga yadda kowa ya ƙare. Kafinta ya fidda ruɓaɓɓen katakon duka, magini ya gyara indararo, anka bar ramin ya bushe har kaka. Sannan ya dawo ya sa sabo nesa da bango, ya huda ƙyamare don iska. Ya yi aure bara, kuma bai ƙara tambayar tsohuwa abin da ta ɓoye ba. Ɗana ya aiko da farin yadi na kasuwa, yana can Abijan, har yau bai ambaci zancen ba. Surukata tana nan da man gyaɗarta da sabulunta. Saman nan na hana a mai da masa ƙyaure, fanko ne.

Ni kuwa na sa an kafa mini ragaya daidai tsayina. Duk ranar da gari ya washe ina fidda yadin kasuwa da ɗan kallabina, in shanya bisa igiya tsakar gida. Mai wucewa ya kau da kai in ya so. Jiki zai tafi cikin na kasuwa, kai kaɗai cikin zaren hannuna.