Riƙon Ƙwaryar Gwaggo Aro

A unguwarmu, idan mace mai aikin rabin yini ta ga cikinta ya fara tsufa, kafin ta sanar da mai ba ta aiki sai ta nemi Gwaggo Aro. Sunan daga sana'arta ya fito, domin aronta ake yi. Ta yi shara a asibiti, ta wanke tukwane a kicin ɗin makaranta, ta jera kaya a kanti, ta yi guga a shagunan wanki, amma ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka bai zama nata na dindindin ba. Mai aiki za ta tafi hutun haihuwa, Gwaggo ta riƙe mata gurbi, ranar da ta dawo kuma Gwaggo ta saɓi jakarta ta kama gabanta.

Na san ta ne ta dalilin Auta, 'yar ƙanwata, wadda ta tashi a hannunmu. Auta tana guga a wani shagon wanki da ke bakin titi, daga safe zuwa tsakar rana. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma shi ke toshe kafar da na mijinta ya bari. Lokacin kuma ya yi musu daidai, domin mijin a gidan mai yake aiki, sai yamma yake fita.

Da cikinta ya fito, ta zo ta same ni da fuska a yamutse.

"Kawu, ni fa wannan hutun haihuwar ya ɗaure mini kai. Wasu sun ce ana biya, wasu sun ce mai rabin yini ba ta da ko sisi."

Na raka ta ofishin ƙwadago, inda wata jami'a mai haƙuri ta warware mana zancen. Hutu dai haƙƙinta ne, ko da rabin yini take yi. Kuɗin hutu kuwa wani kaso ne na abin da take samu, kuma kason ƙaramin abu ba sai an faɗa ba. Aikinta zai jira ta. Sai na tambaya ko lokacin aikin ma zai jira ta. Jami'ar ta ce a nan gizo ke saƙar: mai shago na iya cewa buƙatar shago ta canza, ya mayar da ita yamma, kuma kafin a gama bin kadin maganar, jaririn ya fara tafiya.

A hanyar gida Auta ta ce, "Yamma kuwa, Kawu, wa zan bar wa yaro? Ai kora ce aka yi mata kwalliya."

Matata ce ta ce a kira Gwaggo Aro.

Gwaggo gajeriya ce, kakkaura, bayan hannunta duk tabon ƙuna. Ta zauna a falonmu ta rungume jakarta a cinya. Ba ta tambayi albashi ba, ba ta tambayi halin mai shago ba. Ta dubi Auta ta ce, "'Yata, a aikin nan naki, me kika fi iyawa?"

"Kwala, Gwaggo. Mai shago da kansa yana cewa babu mai fitar da kwalar riga kamar ni."

"Madalla. To, daga yau ni ban iya kwala ba."

Na gyara zama, na ce, "Gwaggo, wannan ba ha'inci ba ne?"

"Malam, ka taɓa jin na ƙona rigar wani? Aikin da mai shago ya biya zan yi masa tsaf. Gwaninta ce kawai zan bari a gida, ita kuwa ba a taɓa biya na kuɗinta ba."

Daga nan ta bayyana mana yadda take aiki. Ba ta makara, ba ta kuma riga kowa zuwa. Ba ta kawar da komai na mai gurbi: kofinta, takalminta na roba, ƙusar da take rataya mayafi, duk suna nan yadda ta bar su, domin ido ya riƙa tuna wa zuciya. Sannan kullum sai ta san yadda ta ambaci sunan mai gurbin a kunnen maigida. A asibiti, in ji ta, gilashin taga ne ba ta iya ba. A kanti kuwa ba ta taɓa haddace inda kayan gwangwani suke ba, sai ta ce, "Da wance tana nan da tuni ta miƙo."

Matata ta tambaye ta inda ta koyi wannan dabara. Gwaggo ta ce tun tana ƙaramar mace, a wani shagon wanki ta fara. Ta tafi ta haifi ɗanta na fari, ta dawo da goyo a baya, ta tarar da wata a kan teburinta.

"Ba muguwa ba ce, baiwar Allah. Iyawarta kawai ta nuna, don ita ma yunwa take ji. Na tsaya a ƙofa ina kallon yadda take guga, har na ce a raina, ni ma da ni ce mai shagon ita zan ɗauka."

Ta yi dariya, mu kuwa muka kasa taya ta.

Auta ta tafi hutu, ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace mai yawan gashi da ƙarfin murya. Gwaggo kuma ta kama aiki. Ni kaina nakan kai kayana shagon, na kuma ji da kunnena yadda take yi. Mai shago mutum ne dogo mai tsantseni, wanda ke ɗaga riga sama ya duba ta a haske kamar mai duba ƙwai.

"Gwaggo, jikin rigar ya yi, amma kwalar nan dai..."

"Ai sai Auta, maigida. Hannun yarinyar nan daban ne. Ni tsohuwa ina zan kai ta?"

Sai ya yi ajiyar zuciya, ya dubi kofin Auta da ke kan taga. Haka aka yi ta tafiya har hutu ya kusa ƙarewa.

Wata rana da yamma Gwaggo ta yi sallama a gidanmu. Auta tana nan, ta kawo mana jaririya. Gwaggo ta ƙi zama a kujerar da ta saba, ta tsaya a bakin ƙofa.

"'Yata, na yi miki ɓarna."

Abin da ya faru shi ne, wani magidanci ya shigo shagon da riga ɗaya a leda. An sallame shi daga aiki tun bara, kuma a ranar aka kira shi ganawar neman wani aikin. Rigar ta sha jiki, bakin kwalar ya fara zarewa. Yana miƙa ta yana ba da haƙuri, kamar rigar ta yi wa wani laifi.

"Na dubi mutumin nan, na dubi kwalar nan, sai hannuna ya manta da ni. Na juya ta, na ba ta sitaci daidai, na kwantar da zaren ciki, na bi ta da bakin dutsen guga. Da na ɗago ta, ni kaina sai da na ji daɗi. Ina waigawa, ga maigida a bayana."

Mai shago ya bari sai da aka tashi. Sannan ya ce ashe wasa take yi masa da hankali. Bai yi fushi ba. Tayi ya yi mata: ta riƙe safiya dindindin, da ƙarin albashi, Auta kuwa in ta dawo sai a san yadda za a yi da ita.

Auta ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Gobe zan koma, Gwaggo. Hutun ya isa haka."

"Ki koma ina? Da wannan ɗanyen jikin? Zauna, kada in saɓa miki." Sai a lokacin ita ma ta zauna, tana murza gwiwa. "Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta shige ni. Gwiwoyin nan sun gaji da koyon sababbin hanyoyi. Tun da na rasa teburina na farko, ban ƙara samun ƙusar da zan rataya mayafina in ce tawa ce ba. Har na ce masa ya ba ni yamma, ya bar wa mai safiya safiyarta. Ya ce to, sai a sallami ta yamman. Ita kuwa marayu take riƙo. Na ce a'a, maigida, kujerar da ke da ɗumin wata ba ta zaunuwa."

"To yanzu fa?" in ji matata.

"Yanzu ya riga ya ga abin da ya gani. Ko na tafi, idonsa ba zai manta ba, kowace kwalar yarinyar nan da tawa zai auna ta." Ta juyo gare ni. "Malam, kana da riguna masu kwala?"

Na ce akwai na zamanin koyarwa, suna cikin akwati.

"A fito da su duka. Tun da na nuna hannuna, sai in ba ta shi."

Washegari aka shimfiɗa bargo a kan teburin cin abincinmu. Kowace rana, idan Gwaggo ta tashi daga shago, sai ta biyo. Ni aikina riƙon jaririya. Karatun bai fara da daɗi ba, domin Auta ta shigo da girman kanta na gwana. Ta goge kwalar farko, ta ɗaga ta tana murmushi. Gwaggo ta karɓa, ta tsoma ta cikin ruwa.

"Gwaggo, ai wannan ita mai shago ke yabo."

"A garin da babu tsuntsu, jemage ma ya yi sarauta. Daga baki ake shigowa tsakiya, ke kuwa daga tsakiya kike korar ta waje, shi ya sa kunnenta ke tashi. Sake."

"Kawu, kana jin ta ko?"

Na ce ni ɗalibi ba ya kawo mini ƙarar malaminsa a gabansa.

Na koyar shekaru masu yawa, amma ban ga mai haƙurin maimaici kamar matar nan ba. Ba ta yabo, ba ta tsawa. Takan ɗora hannunta a kan na Auta, su tura dutsen tare, har nauyin ya zauna a wuyan hannun yarinyar. Ranar da Auta ta miƙa mata wata shuɗiyar rigata, Gwaggo ta juya ta gaba da baya, ta daɗe tana neman aibu, sannan ta ajiye ta a gefe ba ta tsoma a ruwa ba. Ta ce a ba ta jikarta ta ɗauka.

Da hutu ya cika, Gwaggo ta yi sallama da mai shago, ta ce ta riga ta yi wa wata mai shara alkawari a asibiti. Auta ta koma da safe, ta tarar da kofinta a kan taga, takalminta a ƙarƙashin tebur. Mai shago ya amsa gaisuwarta a daƙile. Rigar farko da ta gama, ya ɗaga ta a haske, ya duba kwalar ciki da waje, ya dubi Auta, ya sake duban kwalar.

"Tsohuwar nan," ya ce, ya girgiza kai, ya rataye rigar. Maganar yamma ba ta ƙara tasowa ba.

Kwanakin baya na je asibiti awon jini, na hangi Gwaggo a baranda da bokiti. Daɓen yana ƙyalli, gilashin tagogin kuwa duk shatin tsumma. Na gaishe ta, na tambayi gwiwa, ta ce da sauƙi. Sai ta kai hannu ta taɓa kwalar rigata, ta murza bakinta da yatsa.

"Ka ce mata sitacin ya ɗan yi yawa."